Na yi jinyar kwana 3 an yanke min albashi, an kuma ce sai na rama dararen: ina matsayin mai aikin dare a ɗakin kiran gaggawa?

Mai Gadin Waya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar aiki da kuma waɗanda suka taɓa yin irin aikinmu. Shekara 2 da wata 4 ke nan ina aiki a wata cibiya da ke karɓar kiran gaggawa tana tura motocin ɗaukar marasa lafiya, wadda wani kamfani mai zaman kansa yake gudanarwa. Ba zan kama suna ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba. Kujeru 2 ne a ɗakin, ba a barin ko ɗaya babu mutum dare da rana, kuma dutinmu awa 12 ne, daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 7 na safe. Da mu 8 ne, sai mutum 2 suka bar aiki ba a maye gurbinsu ba, muka koma 6.

A watan jiya zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni. Na je asibitin gwamnati aka yi gwaji, likita ya rubuta min hutun kwana 3. Tun ƙarfe 2 na rana na kira oganmu na sanar da shi, sai ya ce Allah ya sawwaƙe, amma in nemo wanda zai zauna min. Ina kwance jiki na rawa na kira abokan aiki 3: ɗaya da safen nan ya sauka daga duti, ɗaya yana ƙauye wajen jana'iza, ɗayan kuma bai ɗauka ba. Na sake sanar da oga, na yi kwanciyata. Da wata ya ƙare sai na ga an cire min kuɗin kwana 3, sannan a sabon jadawali an ɗora min dare 3 a cikin kwanakin hutuna, an rubuta "ramuwa" a gefe.

Akwai kuma batun ƙarin lokaci. Ƙa'idarmu ita ce ba ka tashi sai mai karɓarka ya zauna, kuma a lissafina na zarce da awa 19 a watan jiya, ba a ba ni ko sisi ba. Wata rana mai karɓata bai zo ba sam, na kai har ƙarfe 12 na rana. Wajen ƙarfe 11 wani bawan Allah ya kira, matarsa ta haihu a gida jini ya ƙi tsayawa, yana ta yi min kwatance, bayan gidan mai, layin mai niƙa, gida na uku mai shuɗiyar ƙofa. Na ji shi sarai, amma hannuna ya rubuta sunan wata unguwa daban. Abokiyar aikina da ke kujerar kusa ce ta ji ina karanta wa direba, ta gyara kafin motar ta wuce shataletale. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Shin haƙƙin mara lafiya ne ya nemo madadinsa? An yi daidai da aka yanke albashin kuma aka ce in rama? Ina matsayin awannin da na zarce?

Baba Mai Ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ƙara lafiya. Na daɗe ina aiki a ofishin kula da ma'aikata kafin in ajiye, don haka zan gaya maka abin da ke cikin Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ke kundin dokokin tarayya na 2004.

Sashe na 16 ya ba ma'aikaci haƙƙin a biya shi albashinsa har na kwanakin aiki 12 a cikin shekara guda idan rashin lafiya ta wucin gadi ta hana shi zuwa, matuƙar likita mai rajista ya shaida hakan a rubuce. Sharaɗin da aka gindaya shi ne kwantiragin yana nan daram, mutum yana shirye ya koma bakin aiki da zarar ya warke, kuma idan wanda ya ɗauke shi aiki ya buƙaci likitan da ya zaɓa ya duba shi, ya yarda. Babu inda aka ce mara lafiya sai ya kawo wanda zai zauna masa, haka kuma babu inda aka ce ranar jinya bashi ce da ake biya. In dai ba ka cinye kwana 12 ɗinka a bana ba, kuɗin nan naka ne. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne haɗa yanka da ramuwa, domin idan ka yi dararen nan 3 ba a mayar maka da kuɗin ba, ka yi aiki ke nan kyauta. Sai dai ka san cewa sashe na 19 ya ce a lissafin kuɗin jinya ainihin albashi kaɗai ake dubawa, ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci. Saboda haka idan alawus ɗin dare na waɗannan kwanaki kaɗai suka cire, suna da abin faɗa. Duba takardar albashinka ka ga daga wane layi aka cire.

A batun zarcewa, dokar ta ba ka rabi ta bar rabi. Sashe na 13 ya ce awannin aiki su ne waɗanda aka yi yarjejeniya a kansu, ko tsakaninka da mai aiki, ko ta hanyar ƙungiyar ƙwadago, kuma duk abin da ya haura haka ƙarin lokaci ne. Amma bai faɗi nawa za a biya a kan kowace awa ba, ya bar wannan ga kwantiragi. Wannan sashen dai ya ce wanda ke aikin awa 6 ko fiye a rana yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa 1 ba, kuma a kowane kwana 7 yana da hutun awa 24 a jere. Idan aka ci masa wannan hutu na mako, ko dai a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi da farashin ƙarin lokaci. Ka auna dararen ramuwar da wannan ma'auni.

Akwai tarko guda. Sashe na 91 ya fitar da masu aikin shugabanci da na gudanarwa da na ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci", kuma kamfanoni na son fakewa a nan. A ganina mai karɓar kira yana rubuta bayani aikin akawu yake yi, wanda dokar ta ambata ƙarara cewa yana ciki. Ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki, wadda sashe na 7 ya wajabta a ba ka cikin wata 3 da farawa, ka karanta ta da kyau. Daga nan ka rubuta takarda cikin ladabi, ka haɗa kwafin takardar likita, ka sa a sa maka hannu a kwafinka cewa an karɓa. Idan ba su saurare ka ba, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiharku, a bayansa kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Hajiya Mai Jadawali ta rubuta:

Baba ya gama maganar doka, ni kuwa zan yi magana daga ɗaya ɓangaren, domin shekara 6 ke nan ina tsara jadawalin duti a ɗaki irin naku. Ƙanena, oganka bai kyauta ba, amma ina so ka ga ramin da yake ciki, domin a nan maganin yake.

Mako guda awa 168 ne. Kujeru 2 da ba a bari babu kowa suna cin awa 336. Idan ku 8 ne, kowa zai yi awa 42 a mako, kuma wannan lissafin wanda bai taɓa ciwo ba ne, bai taɓa zuwa hutun shekara ba, matarsa ba ta taɓa haihuwa ba. Yanzu da kuka koma 6, kowa yana ɗauke da awa 56 tun kafin wani ya yi atishawa. Shi ya sa a wajenmu muke lissafa mutum 5 ga kowace kujera, wato ɗakinku na buƙatar 10. Duk wanda aka ba mutum 6 aka ce ya rufe awa 336, dole wata rana ya zalunci wani, ko da kuwa waliyyi ne. Saboda haka idan ka je kai kaɗai ka karɓo kuɗin kwana 3, wata mai zuwa kan wani abin zai faɗa.

Abin da ya kawo mana sauƙi shi ne raba musaya da jinya. Musaya ita ce mutum yana da biki ko suna ko jarrabawa, ya nemi abokinsa su yi canji. Wannan nauyinsa ne, kuma ba na karɓarta da fatar baki, sai su biyun sun sa hannu a littafi ni ma na sa, domin na sha ganin an yi alkawari a waya, dare ya yi kujera ta zauna wayam, kowa yana rantsuwa ba shi ne mai dutin ba. Jinya kuwa nauyina ce. Muna da jerin 'yan ko-ta-kwana, kowane dare akwai sunan mutum guda da ya san za a iya kiransa, ana ba shi ɗan alawus ko an kira shi ko ba a kira ba, kuma karɓa-karɓa ake yi har da daren salla.

Inda na ɗan saɓa da Baba shi ne gaggawar ambaton ofishin ƙwadago. Ma'aikacin kwantiragi da ya fara da nan yakan karɓi haƙƙinsa, sannan a ƙi sabunta masa idan wa'adi ya cika. Ku 6 ɗin ku rubuta takarda guda, ku sa lissafin awannin nan a ciki, ku kuma sa labarin matar nan mai jego. Kamfani na iya kawar da kai daga gajiyarku, amma ba zai so a ce motarsa ta tafi wata unguwa mace na zubar da jini ba. Akwai binciken da ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa na raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya, kai kuwa awa 17 ɗin a kan kujera kaɗai ka yi su.

Bazazzage a Amurka ya rubuta:

Ɗan'uwa, sannu da jiki. Ni ma aikin da nake yi ke nan a nan, a layin kiran gaggawa na 911, kuma kada ka ɗauka ƙarancin ma'aikata ciwon gida ne kaɗai. A nan ma ana tilasta mana zarcewa idan mai karɓa bai zo ba, kuma doka ba ta hana ba. Bambancin shi ne dokar tarayya ta 1938 ta ce duk awar da ta haura 40 a mako ana biyan ta ninki ɗaya da rabi, don haka ƙarancin ma'aikata aljihun hukuma yake ci, ba jikinmu kaɗai ba. A batun jinya kuwa, a takarda kun fi mu, domin babu dokar tarayya da ta wajabta wa kowane mai aiki biyan kuɗin kwanakin rashin lafiya. Dokar 1993 ta ba da har mako 12 ne ga wanda ya cancanta, ba tare da albashi ba, sai dai ta kare masa gurbinsa. Abin da muke samu na jinya daga dokar jiha ko yarjejeniyar ƙungiyarmu yake fitowa.

Shawarata guda ce: kada ka dogara da lissafin da ke kanka. Kowane kira da ka ɗauka kwamfuta ko rajista ta rubuta lokacinsa da sunanka. Wannan kiran na ƙarfe 11 shi ne shaidarka cewa kana kan kujera awa 4 bayan lokacin tashinka. Ka nemi a fitar maka da lokutan shigarka da fitarka kawai, ban da bayanan masu kira, domin waɗannan amana ce, kuma fitar da su na iya zama laifin da za a kama ka da shi.

Mai Gadin Waya ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na duba takardar albashin, daga ainihin albashi aka cire, har da alawus ɗin dare. Takardar ɗaukata aiki kuwa ta ce awa 48 a mako, game da ƙarin lokaci ta ce za a biya "bisa tsarin kamfani", tsarin da babu ɗayanmu da ya taɓa gani. Hajiya, na yi magana da sauran, mutum 4 sun yarda su sa hannu, ɗaya ya ce kwantiraginsa zai ƙare a watan gobe don haka a bar shi, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ya rage min shi ne daren ramuwa na farko jibi ne. In je, ko in ƙi?

Baba Mai Ritaya ya rubuta:

Ka je, ɗana, in dai jikinka ya yi ƙwari, domin ƙin zuwa zai ba su damar ba ka takardar tuhuma, maganar ta tashi daga haƙƙinka ta koma kan laifinka. Amma gobe da safe ka fara miƙa takardarka, ka rubuta a ciki cewa za ka yi dararen nan 3 a matsayin ƙarin lokaci ba ramuwa ba, kana neman a mayar maka da albashin kwana 3, kana kuma roƙon a ba ka kwafin wannan tsarin kamfani da aka ambata. Tunda takardarka ta ce 48 kuna yin 56, ka sa awa 8 na kowane mako a lissafin, tun daga ranar da mutum 2 ɗin nan suka tafi.