Wace kalma za mu ba audiobook da Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Malamai, ina neman sunan littafin da aka karanta daga farko har ƙarshe aka naɗi muryar, wanda ake saurara a shafukan intanet irin su Audible ko LibriVox. Na ga "littafin sauti", na ga "littafin murya". Wanne ya fi?

Bakano: Wa alaikumus salam. Akwai na uku, "littafi mai magana". Haka Turawa suka fara kiransa. A Ingila dai, a 1935 ne aka fara naɗa wa makafi littattafai a faifan garmaho, musamman sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma cikin na farko akwai labarin binciken kisan kai na Agatha Christie, The Murder of Roger Ackroyd.

Malamar Hausa: Tarihin daidai ne, Malam, amma sunan ba zai zauna ba. Bahaushe na jin "mai magana" zai tuno alƙalamin nan da ake ɗora wa shafin Alƙur'ani ya karanto aya. "Sauti" kuma ya yi faɗi, ganga ma sauti gare ta. "Murya" ta fi kusa, sai dai jam'inta bai da daɗin faɗa: littattafan murya ko na muryoyi? Ni "littafin sauraro" na zaɓa, domin ginin irin na "ruwan sha" ne da "kayan sawa", ana kiran abu da aikin da ake yi da shi. Jam'i: littattafan sauraro.

Ɗan Damagaram: Na yarda, Malama. Saura rassansa, don a nan mai saye ke yin asara. Wanda ba a cire masa komai ba "cikakke", wanda aka rage "taƙaitacce". Mai karantawa yakan yi kalma 150 a minti, wato kusan 9,000 a awa, don haka littafi mai kalma 72,000 zai ci awa 8. In ka ga an sa shi awa 3, an yanke. A tarihin rayuwa ana iya haƙuri da wannan. A labarin bincike kuwa ɓarna ce, domin ƙananan alamun da za a gano mai laifi da su ne ake fara zubarwa, sai ƙarshen ya zo wa mai sauraro ba gaira ba dalili.

Bakano: To mai muryar fa, makaranci?

Malamar Hausa: A'a, makaranci na Alƙur'ani ne, a bar masa. "Mai karantawa" ya isa, yadda ake cewa a rediyo. In marubucin ne da kansa, kamar Michelle Obama a littafinta Becoming, a ce "da muryar marubuciyar". In kuma an raba wa mutane muryoyi an sa kiɗa, ya zama wasan kwaikwayo, kada a haɗa su a jeri ɗaya.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Na rubuta "cikakken littafin sauraro, awa 8".