Don Allah a taimaka, kurciyoyi sun daina sauka a gidana

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun farkon bazara nake zuba gero da tsakin dawa a gindin dalbejiyar tsakar gidanmu, da ruwa a kasko, bayan asuba in zauna ina kallon kurciyoyi da kanari suna ci, wallahi abin yana sanyaya min rai. To yanzu sati 2 kenan kyanwar maƙwabta ta gano wurin, har ta kama kurciya ɗaya a gabana, tun daga ranar ba sa sauka sai dai su tsaya kan katanga. Na rataye faranti a reshe, ita kuma bishiya ba ta gagare ta ba. Ba na son cutar da ita, ya zan yi?