Na'urar ɗaukar sauti a wuyan riga daga safe har dare: ta dace?

Mai Atamfa, Yamai:
Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Yamai, kuma yawancin cinikina da baki ake yin sa, bashi da alkawari ba a rubuce ba. Ina so in sayi ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a wuyan riga, in bar ta a kunne tun buɗe shago har tashi, domin in an yi gardamar kuɗi in koma in saurara. Katin ajiya zai iya ɗauka? Akwai laifi a ciki?

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Wurin ajiya ba matsala ba ne, domin sautin MP3 mai kilobit 64 a daƙiƙa yana cin kimanin megabait 29 a awa, wato kati mai gigabait 32 zai kai ka kusan wata uku idan kana ɗaukar awa 12 kullum. Wahalar tana wajen nema. Maganar minti ɗaya za ta ɓace cikin ƙarar babura da gogar shadda a kan makirufo, kuma manhajojin da ke mayar da magana rubutu suna rikicewa idan aka gauraya Hausa da Zabarmanci da Faransanci, kamar yadda ake ciniki a kasuwarku.

Malama daga Tawa:
Alhaji, ka yi haƙuri, amma ba muryarka kaɗai za ta shiga ba. Matar da ta sunkuyo ta rage murya tana roƙon ka ɗaga mata ƙafa saboda mijinta yana kwance asibiti, kai ta gaya wa, ba kati ba, kuma kati yana faɗuwa, ana sace shi, yara suna tura abin da ke ciki a WhatsApp. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana leƙen asirin mutane. Ta fuskar hukuma kuma, Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017, akwai hukumar HAPDP da ke kula da ita. A ganina, ka kunna na'urar lokacin ƙulla bashi kaɗai, bayan ka sanar da mutumin ya amince, ya faɗi sunansa da adadin kuɗin da ranar biya da bakinsa.

Mai Atamfa, Yamai:
Na gode, Malama. Abin da nake tsoro shi ne tsofaffin abokan cinikina su ɗauka na daina yarda da su. Zan fara da sababbi in ga yadda za su karɓa.