An yi wa Baba aikin kaba, ga bisashe a gida: yaushe zai koma turke?

Mai tambaya, daga wajen Wamakko:

Assalamu alaikum. Yau kwana 6 da aka yi wa mahaifinmu aikin kaba a Sakkwato, ta gefen dama, kuma an sa masa raga daga ciki don ƙarfafa wurin. Yana da bajimai biyu na kiwo da tumaki da awaki, ruwansu kuwa daga rijiya ake jawowa. Da asuba muka tarar da shi bakin turke yana kwance igiya, wai jiki ya yi sauƙi. Don Allah me zai iya yi yanzu, me zai bari, kuma har yaushe?

Ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne fata. Ita takan haɗe da wuri, shi ya sa ake cire zare tsakanin kwana 7 zuwa 10. Naman ciki da aka ɗinke ragar a jikinsa kuwa sai ya kai kamar mako 6 kafin ya yi ƙwarin da zai ɗauki aikin ƙarfi. In aka matsa masa kafin nan, ko jini ya taru a wurin, ko kabar ta dawo.

A makonni biyun farko kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo 5. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan jarka mai lita 25 ta ninka haddinsa sau biyar. Jan guga ma a bar shi har mako 6, don mutum yana duƙe yana riƙe numfashi yake ja, nauyin duk a mara yake sauka. Amma kada ku kwantar da shi. Ya riƙa zagaya tsakar gida sau uku ko huɗu a yini, yana ƙarawa a hankali. Tafiya na hana jini daskarewa a ƙafa, tana kuma motsa hanji.

Ku kula da bayan gida sosai, domin yunƙuri a masai daidai yake da ɗaukar buhu. In an ba shi tramadol, yana ɗaure ciki. Ya yawaita ruwa, miyar kuɓewa ko kuka, zogale da gwanda. In tari ko atishawa ta zo, ya dafe wurin da tafin hannu ko matashi.

A zafin garin nan gumi na jiƙa bandeji. Da ya jiƙe a canza, da hannun da aka wanke da sabulu. Kada a shafa man shanu ko toka, kada kuma a fasa kafso a barbaɗa. Zazzaɓin da ya kai 38, ruwa mai wari, wurin ya yi ja yana zafi, ko amai da kumburin ciki: asibiti kai tsaye, ko da dare ne.

Likitan dabbobi:

Malama ta gama maganar nauyi. Ni abin da ya fi ba ni tsoro fizga ce. Bajimin bokolo da ya ƙoshi yakan haura kilo 400. Ƙuda kawai zai cije shi ya kaɗa kai, igiyar da ke hannun Baba ta fizge shi kafin ya shirya cikinsa. Ragon balami ko uda kuwa tsayinsa daidai mara ne, tunkuyi ɗaya ya isa. Awaki ma in sun ga kwanon dusa tsalle suke su dafa mutum da kofato. Saboda haka ba riƙe igiya, ba ɗaure ƙafa, ba ɗura magani, ba shiga tsakaninsu lokacin ba da abinci.

Sai ƙazanta. Ƙwayar tetanos tana zama cikin ƙasa da kashin dabbobi. A tambayi Baba yaushe rabonsa da allurarta. In ya haura shekara 10 ko bai tuna ba, a faɗa wa likita ranar cire zare. Sharar turke da kwasar taki a ba yara. In akuya ta haihu ko ta yi ɓari, kada ya taɓa mabiyiya ko ruwan haihuwa, ta nan bakkale, ciwon dabbobi mai sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ke kama mutum. Madara a tafasa kafin ya sha. Wannan feshin da ake yi wa ciwon dabba, na dabba ne, kada wani ya yi masa karambani da shi.

Wani dattijo mai kiwo:

Ɗana, duk abin da suka faɗi gaskiya ne, sai dai in kun ce ma makiyayi ya zamna ɗaki, ba ya ji. Ku ba shi aikin da ba na ƙarfi ba. A aje mai kujera mai tsawo a inuwa, bayan danga, inda yake hangen turke. Shi ka faɗin awon dusa, shi ka duba wadda ba ta tuƙa ko wadda ke zawo. Hakanan ku raba buhu a ƙananan kwanuka tun dare, ku cika randar bisashe kafin ku fita, don in ya ga kwamin ruwa a bushe, wallahi sai ya ɗauki guga. Harawa da kowar wake a sauko da su daga rumfa, kada ya hau. Ƙaiƙayi a yayyafa mai ruwa kafin a zuba, ƙurarsa na sa tari.

In babu hannun da zai riƙe bajiman nan har wata biyu, a kai su wurin ɗan'uwa, ko a fitar da guda kasuwar Kara a saida.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. To salla fa, da hawa babur? Yana son zuwa kasuwar Achida mako mai zuwa.

Ma'aikaciyar jinya:

Salla ya yi a zaune kan kujera muddin ruku'u da sujada na ja masa wurin. Galibi bayan mako 2 yakan iya, ya dafa ƙasa da hannu in zai tashi. Achida dai a haƙura. Buga kik da gargadar hanya duka a mara suke ƙarewa, kuma a kasuwa dole wani ya miƙa masa igiya ya ce taɓa ka ji. Ranar cire zare a kai shi a mota, ku tambayi likitan da ya yi aikin ranar da ya yarda ya hau babur.