Wane hedifon ya dace da situdiyo?

Da wasu masu haɗa sauti suka tattauna wannan tambaya, sun yi ittifaƙi cewa a duba juriyar lantarki, wadda ake aunawa da om, kafin a sayi hedifon. ATH-M50x mai om 38 da Sony MDR-7506 mai om 63, kwamfuta kaɗai ta ishe su. Sennheiser HD 600 kuwa om 300 ne. Ba amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, sautinsa a shaƙe yake fitowa.

An fi daɗewa ana tattaunawa a kan AKG K702. Om 62 ne kacal, amma akwai shi da cin wuta, don haka ƙarancin om ba ya nufin ba ya buƙatar amfilifaya. A ganina, wannan ce shawara mafi amfani.

Wajen ɗaukar murya, a zaɓi mai rufaffen baya kamar DT 770, kada sauti ya zurara cikin makirufo.