Corolla ta na misin, an canza fulogi amma ba ta daina ba

Baban Ummi:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masana mota a taimaka min. Corolla ce 2005, sati biyu kenan in na tsaya a danja sai ta kama karkarwa har sitiyari na rawa, in na kunna AC kuwa kamar za ta mutu, ga shan mai ba a magana. Na kai gareji aka ce fulogi ne aka canza duka huɗun, kwana ɗaya tai lafiya ta koma gidan jiya, yanzu wai sai dai a sauke inji. Jiya a hanyar Zariya ina taka totur wutar cek inji ta fara kiftawa.

Bakaniken Panteka:
Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka bari kowa ya sauke maka inji a kan misin, tukuna. Nemi mai sikana, na'urar nan da ke karanto matsalar mota, ya jona mata, in ta nuna P0301 zuwa P0304 to lambar ƙarshe ita ce silindar da ba ta cin wuta, ta ɗaya tana ɓangaren da bel yake. Injin motar nan 1ZZ ne, kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kai, wato abin da ke ba shi wuta, da sifana 10 ake kwance shi. Ɗauke kwayil na silindar da ta nuna ka musanya da na kusa da shi, a goge lambar ka ɗan zaga gari, in ta bi kwayil ɗin to ka kama ɓarawo. In ta tsaya inda take sai a duba nozul mai fesa fetur, kafin a zo kan kwamfireshin, wato ƙarfin matsin silinda. P0300 kuwa ba silinda ɗaya ba ce, nan ake zargin fiyal fam ko gurɓataccen fetur ko iska na shiga ta wata tiyo.

Direban Katsina:
Ni tawa baƙin mai ne ya cika ramin fulogi, gasket ɗin murfin sama ya bushe, robar kwayil har ta kumbura. Haska tocila ka leƙa. Kuma wane fulogi aka sa maka? Nata Denso SK16R11 ne, jabu sun cika gari.

Maman Khalifa:
Wannan kiftawar dai ka kiyaye ta malam, ɗanyen mai ne ke gangarawa salansa yana ƙona matatar hayaƙin nan da suke kira indomi, kuɗinsa ya ninka na kwayil nesa ba kusa ba.

Baban Ummi:
Allah saka da alheri. P0303 ta nuna, muka mai da kwayil ɗin kan silinda ta biyu sai ga P0302, ramin kuma a bushe yake. Oga, sabo zan saya ko na Beljiyam? gobe zan shiga Ƙofar Ruwa.

Bakaniken Panteka:
Na Beljiyam mai tambarin Denso, amma a ɗaura shi a gabanka ka ji silo, wato kaɗawar inji a tsaye, ya daidaita kafin ka biya.