Daga nazarin tsirrai zuwa haɗa magani, akwai hanya kuwa?

Hauwa_Kawo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina aji uku a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ina karanta bayokemistiri, kuma wallahi abin da raina ke so shi ne ɓangaren tsirrai, yadda ake sa wa shuka ƙwayar halitta ta yi abin da ba ta saba yi ba. Amma Baba ya dage sai dai abin da ya shafi magani, wai noma ai ba sai an je jami'a ba. Wani malaminmu ya ce akwai masanan da suka fara da tsirrai suka ƙare a binciken antibodi, wato furotin ɗin da jiki ke ƙerawa don yaƙar ƙwayar cuta, na warkar da cuta. Da gaske ne? Kuma wanda yake Kaduna ta ina zai fara?

Abban_Sadiq:
Wa alaikumus salam ƙanwata, da gaske ne. Kin tuna Ebolar 2014 da ta shigo Legas? Maganin gwajin da aka yi ta magana a kai lokacin, ZMapp, antibodi uku ne aka haɗa, kuma a cikin ganyen wata 'yar'uwar taba mai suna Nicotiana benthamiana aka samar da su a jihar Kentucky ta Amurka. Tun 1989 Andrew Hiatt da abokan aikinsa suka nuna cewa shukar taba za ta iya ƙera antibodi. Yadda ake yi kuwa, akwai wata bakteriya ta cikin ƙasa, Agrobacterium, da dama can ɗabi'arta ce ta cusa ƙwayar halittarta cikin shuka, to sai a ɗora mata ƙwayar halittar da ke ɗauke da umarnin ƙera antibodin a tsoma ganyen cikin ruwanta, bayan kamar mako guda a yanke a niƙa a tace. Ni dai duk sanda na tuna ganyen da ake yin sigari da danginsa ne ya zama masana'antar magani sai tsigar jikina ta tashi.

Dr_Binta_Barnawa:
Abin da Abban Sadiq ya faɗa haka ne, amma Hauwa kar ki tafi da rabin labari. A gwajin da aka yi a Kwango a 2019 wasu magunguna biyu sun fi ZMapp ceton rai, ɗaya ma daga jinin wani da ya warke a annobar Ebola ta garin Kikwit na Kwango a 1995 aka samo shi. Kuma har yau yawancin antibodin da ke kasuwa a cikin ƙwayoyin jikin dabba ake yin su a manyan tankuna, ba a shuka ba. Wahalar ba ta shukar ba ce, ta tacewa ce, a raba furotin ɗin da dattin ganye har ya kai a yi wa mutum allura da shi. In kin ƙware a wannan, ko'ina kika je ana neman ki. Ni na taɓa asarar samfurin wata huɗu a wani lab saboda wuta ta ɗauke firiza ta narke, na yi kuka sosai, don haka ki shigo da shiri. Amma buƙatar tana nan a gabanmu, maganin saran kububuwa da ake amfani da shi a Kaltungo ai antibodi ne daga jinin tumaki da dawakai, kuma daga waje ake kawo shi.

Ɗan_Samaru:
Ba sai kin je nesa ba Malama Hauwa. Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR, tana nan Samaru a Zariya, su suka fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019 wanda tsutsar Maruca ba ta iya cinyewa, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin. Ki nemi yin SIWES ɗinki, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, can ko wani lab makamancinsa, ki koyi ciro DNA da PCR (hanyar ninka DNA a lab) da hannunki, shi za a fara tambayar ki in kin zo neman mastas.

Hauwa_Kawo:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yau da daddare zan karanta wa Baba maganar Kaltungo, don ƙaninsa maciji ne ya kashe shi a gona. Anti Binta don Allah wannan tacewar furotin ɗin, a wane kwas ake fara koyar da ita?